Tuwo a Bayan Zana

Ɗan ƙanwata Nasiru ya zo mini kwanan baya da abokansa, wai sun haɗa kai za su buɗe gidan abinci a bakin titin Potiskum, suna neman albarkata. Har sun zaɓi suna da launin fenti, sun san bangon da za a rataye talabijin saboda masu kallon ƙwallo. Na tambaye su wa zai ci abincin. Ɗayansu ya yi dariya ya ce ai kowa na jin yunwa, Hajiya. Albarka kam na sa musu, ba na rowarta. Amma na ce su zauna a kan benci tukuna, tunda sun ɗauka sana'ar nan dafawa ce da zubawa. Abin da na gaya musu shi nake maimaitawa a nan, don na san ba su kaɗai ke da wannan tunanin ba.

Ni Asabe na tsufa ina sayar da tuwo a Azare, kuma na ga buɗewa da rufewa har na gaji da zuwa walima. A share wuri, a sa gilashi, a kira malamai su yi addu'a, a raba shinkafa kyauta, gari ya ɗauka. Kafin damina ta zagayo sai ka wuce ka ga an mayar da wurin shagon cajin waya. Ba duka ba, gaskiya. Akwai wata yarinya kusa da makaranta da ke soya wa ɗalibai taliya da ƙwai, tana nan daram, kuma ina yaba mata, don ta san mutanenta. Waɗanda ke rufewa yawanci ba gishiri ne ya yi musu yawa ba. Ba su san wanda suke dafa wa ba ne.

Wankin tukunya shi ne aikina na farko a rumfar Goggo Dije, ƙanwar mahaifina, wadda ta koya mini sana'a. Rumfarta tana gefen kara, wato kasuwar shanu. Tukunyar tuwonta ta dalma ce, babba, in na sunkuya ciki sai ƙafafuna su bar ƙasa. Da toka da yashi ake dirje ta, a kankare ƙanzo tas, don ƙanzon jiya in ya kwana yakan sa tuwon yau ƙauri. Na daɗe a kan wannan kafin ta yarda in taɓa wuta. A wajen wuta ma akwai karatu: itacen da ke ci da sauri na talge ne, mai garwashi na sulala ne, ɗanye kuwa hayaƙinsa miya yake shiga, mai ci ya ji a baki ya yi shiru, gobe ya tafi wani wuri.

Ranar da ta miƙa mini muciya na ɗauka na iso. Tuƙin tuwon gida daban, tuƙin tuwon kasuwa daban. A tsaye ake yi, ka taka gindin murhu da ƙafa ɗaya, tururi na dukan fuskarka, tuwo na tsalle yana ƙona maka hannu, kuma ba ka isa ka huta ba sai ya haɗe. Na gama ina haki, na kwashe da mara, na jera malmala ina jiran yabo. Goggo ta ɗauki ɗaya ta murza tsakanin yatsunta, ta sami gudaji guda, ta ɗora mini shi a tafin hannu, ta koma wurin zamanta. Har yau in ma'aikaciya ta tuƙa mini tuwo sai na murza, kuma duk garin nan ba wanda zai ce ya taɓa tauna gari a kwanona.

Miya kuwa bin mutane take yi. Direbobin da suka taso daga Borno suna son burabusko da miya mai maiƙo, kuma suna sauri, sai ka zuba tun suna ajiye mota. Manoman Shira in sun sayar da hatsi tuwon dawa suke nema da kuka mai daddawa sosai, wadda aka kaɗa da maburgi har ta yi santsi. Mutanen kara, Fulani da dillalai, busasshiyar kuɓewa ce tasu da man shanu, kuma kada ka kuskura ka ba Bafulatani man da ya kwana biyu, hancinsa ya fi naka sani. Su ne ƙashin bayan cinikinmu. Ranar kasuwa guda takan riƙe mu har wata ta zagayo.

Sai dai duk wannan Goggo ba ta ɗauke shi babban aiki ba. Ita ba ta zama a bakin tukunya, a bakin ƙofa take zama. Rumfarta zana ce ta kewaye ta ruf, da ƙofa biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, da wata zanar a tsakiya da ta raba wurin gida biyu. Wanda ke waje ba ya ganin na ciki. Dalili kuwa, Bafulatani mai mutunci ba ya cin abinci a idon jama'a. Gara ya wuni da yunwa. Ba ya ci a gaban surukinsa, ba ya ci a gaban ɗansa na fari, kuma dattawan cikin gari ma haka suke, ko da ba su kai Fulani tsanani ba. Aikin Goggo shi ne ta san wane ne surukin wane daga nan har Gamawa, wa ya ba wa 'yarsa bara, wa ba zai so wane ya ga bakinsa na motsi ba. Aure in an ɗaura a ruga, kafin mako ta ji, don ya shafi inda za ta shimfiɗa tabarma.

Wata ranar kasuwa na ga yadda ake yi. Akwai wani dattijo, Jauro Hammadu, daga wata ruga ta wajen Gamawa, dogo, mai sanda da malafa. Mijin 'yarsa, Bello, yana ciki ya sa tuwo a gaba, sai ga Jauro ya nufo rumfa. Goggo ba ta tashi ba. Ta ɗaga murya kawai ta ce, “Asabe, kawo wa Jauro ruwa ya wanke ƙafa, ya sha hanya.” Ta tsare shi a bakin ƙofa da gaisuwa, ta tambayi shanu, ta tambayi makiyaya, ta tambayi ruwan sama. Kafin in kawo buta, Bello ya ɗauki kwanonsa ya zame ta ƙofar baya, ya ƙarasa a gindin wata bishiya. Jauro ya shiga ya sami tabarma fes. Na tabbata ya sani, Bello ma ya san ya sani, amma ba wanda ya ga wani, kuma dukansu sun koma gida a ƙoshe.

Da ƙarfin Goggo ya ƙare, rumfa ta dawo hannuna. Na ƙara tukwane, na ɗauki mata masu taya ni, babbarsu Larai, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Da muciyar nan na aurar da 'ya'yana, na sauke farali, na gina ɗakin da nake kwana. Ina faɗa da alfahari, don ba wanda ya ba ni.

Sai shekarar da aka faɗaɗa titi ta zo. Aka shafa wa rumfunanmu jan fenti, aka ce mu tashi. Ban zagi kowa ba, titi ya yi kyau, kowa na mora. Mu masu abinci muka watse neman wuri, ni da wasu muka samu a jerin sababbin shagunan da wani attajirin hatsi, Alhaji Sale, ya gina ba nisa da kara. Gini ne na gani na faɗa: ƙofofin ƙarfe, baranda mai tayil, fenti fari ƙal. Ɗakin shagon kansa ƙarami ne, tukwane da kuloli sun cinye shi, girki kuma a wani lungu na gefe ake yi. Masu ci sai dai a baranda, a kan tebur, fuskarsu na kallon titi.

Tun ranar da na karɓi mabuɗi na ce zan kewaye barandar da zana. Aka ce Alhaji ya hana. Ba zana, ba labule, ba buhu. Ya ga yadda ake yi a manyan birane, yana son mai wucewa ya hango mutane suna ci ya yi sha'awa, kuma ba ya son a mayar masa da gini ƙauye.

Direbobi suka ci gaba da zuwa, su ko a jikinsu. Samari 'yan acaɓa ma suna zuwa. Amma mutanen kara, kamar ruwa ya cinye su. Ranar kasuwa in tuƙa tukunya cike kamar yadda na saba, la'asar ta yi rabinta na nan. Ɗumame muka ci a gidana har jikokina suka fara gudun karin kumallo, sauran in shanya in ba masu kiwo. Maƙwabciyata mai masa ta rufe kafin a yi shuka. Mai shinkafa da wake ta bi ta. Na sallami mace ɗaya, na sake sallamar wata, saura ni da Larai, ita ma kullum tana satar kallona tana jiran ranar da zan ce mata gobe kada ta zo.

Jauro Hammadu kuwa ina ganinsa duk mako. Ya tsufa a lokacin, sanda ta zama ta dogarawa. Yakan bi ta ɗaya gefen titi, ya ɗaga mini hannu, ya wuce. Wata rana matarsa ta kawo mini man shanu, na tambaye ta ko Jauro ya sami wata mai tuwo ne. Ta ce ina, ba ya cin komai, daga fitowarsa da hantsi har ya koma ruga bayan magariba, sai dai ruwa. Na ce to in ƙulla masa a leda mana. Ta ce ya ci a ina, kara ko'ina mutane ne. Wannan magana ta ƙona mini rai fiye da tuwon da nake zubarwa. Mutumin da ya ci tuwon Goggo, ya ci nawa, yana wuce ƙofata da yunwa, ga abinci a tukunya, ba abin da ya raba mu sai rashin zana.

Na gwada rataye tabarma ɗaya a gefen rana, na ce inuwa nake nema. Kafin azahar mai kula da ginin ya zo ya sauke ta. Sai na yafa mayafi na tafi gidan Alhaji Sale da kaina. Ya karɓe ni da mutunci, ba zan yi masa ƙarya ba, ya sa aka kawo mini ruwa, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce zamani ya canza, Fulanin ma za su saba, zana kuma ga haɗarin gobara. Ya ce in aka sake rataye wani abu a barandarsa, akwai mai sayar da waya da ke jiran shagon.

“Hajiya, mene ne abin kunya a cin halal?” in ji shi. “Ni kaina sai in zauna a barandar nan in ci, ba abin da zai dame ni.”

Na yi godiya na fito. A raina na yanke cewa in Babbar Sallah ta zo ba abin da ya sauya, zan kife tukwane in koma gida. Amma maganarsa ta ƙarshe na riƙe ta.

Shi Alhaji Sale yana son tuwona. Kullum da rana direbansa, Malam Ya'u, yakan zo da kula a zuba masa tuwon dawa da kuɓewa, ya kai masa ofis ya ci shi kaɗai a rufe. Wata ranar kasuwa na samo kifin banda mai kyau na kogin Jama'are da man shanu sabon kaɗi, na yi miyar da ni kaina na san ta yi. Da Malam Ya'u ya zo, na mayar masa da kular ba komai. Na ce ya gaya wa Alhaji miyar yau ba ta kula ba ce, daga tukunya ake shanta, na gyara masa tebur, ya zo ya karrama ni, mutane su ga mai gini da kansa yana ci a gininsa kamar yadda ya faɗa. Malam Ya'u ya tambaye ni ko na tabbata haka zai faɗa. Larai kuwa har ta fara ɗaure kayanta a zani, wai gara ta shirya tun kafin a kore mu.

Bayan azahar sai ga Alhaji da kansa, cikin farar shadda, yana murmushi irin na wanda ya gane an ƙure shi amma ba zai nuna ba. Na ba shi teburin da ya fi kowanne fitowa fili. Na zuba masa ruwa ya wanke hannu, ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya yanko loma ya dangwalo miya.

Lomar ba ta kai baki ba wani dillalin hatsi ya yi sallama. Ka san gaisuwarmu ba ta da gajarta, kuma wanda ke ci dole ya yi tayi. Alhaji ya ce bisimilla, dillali ya ce alhamdulillahi, suka yi ta jan gaisuwa, loma na hannu tana ɗiga. Wannan na tafiya sai ga limamin unguwarsu, Alhaji ya ajiye lomar ya miƙe tsaye. 'Yan acaɓa suka riƙa rage gudu suna leƙe. Wani tsohon abokinsa na ƙuruciya kuwa da aka yi masa tayi bai tsaya wata-wata ba, ya ja kujera ya wanke hannu, ya tsince kifin tas, ya sa albarka ya tafi. Ina tsaye a gefe da buta.

Ya sake yanko loma, ya sunkuyar da kai zai kai baki, sai na ga ya daskare. Wani farin tsoho ne ke tahowa a gefen titi, ya zo cin kasuwa daga Itas. Mahaifin matarsa ne. Alhaji Sale, mai shaguna, mai manyan motoci, ya zabura ya sauka daga baranda ya durƙusa a ƙasa, ya ɓoye hannun dama a bayansa, kuɓewa na zuba a kan shadda. Tsohon ya kau da kai gefe kamar bai ga tebur ba, ya amsa gaisuwa yana kallon wata mota, ya yi sauri ya wuce. Na rasa wanda ya fi jin kunya a cikinsu.

Da ya dawo ya zauna, tuwo ya huce har ya yi fata. Na ce a raina yau kam na tuƙa na ƙarshe a nan.

“Hajiya Asabe, da gangan kika yi mini wannan.”

“Ranka ya daɗe, ni tuwo na tuƙa. Baba kuwa ba ni na kira shi ba.”

Ya miƙo hannu na zuba masa ruwa. Ya wanke, ya shiga mota ya tafi. Loma ɗaya ba ta shiga cikinsa ba.

Kwanakin da suka biyo baya Malam Ya'u bai zo da kula ba. Duk motar da ta tsaya sai Larai ta leƙa. Ni dai na ci gaba da ɗora tukunya, don ba a ce in daina ba tukuna. Ran nan da safe sai ga magina da guduma da kurfi sun shigo shago, suka ce mu janye kaya daga bangon baya. Larai ta fashe da kuka. Na tambayi babbansu ko tashinmu aka yi. Ya ce shi dai an ce ya fasa ƙofa a nan.

Ashe bayan ginin akwai wani fili na Alhaji da ba a gina ba, yana da hanya ta wani lungu da ke fita kara. Da yamma Malam Ya'u ya zo da saƙo: Alhaji ya ce gabansa dai ba za a ɓata masa da zana ba, yana nan a kan bakansa, amma baya in yi abin da na ga dama. Sannan ya miƙo kula, ya ce a cika ta, kuma a ƙara kifi, don wancan wani ya cinye.

Kafin kasuwa ta zagayo na kafa rumfa. Zana na sayo sababbi daga ƙauye, na kewaye ruf, na raba tsakiya, na bar ƙofa biyu. Ban buga takarda ba, ban yi walima ba. Matan da ke kawo nono na gaya wa, su suka kai labari rugage. Ranar kasuwa tun kafin azahar takalma suka taru a bakin tabarma, na aika a kira mini matan da na sallama, na bar musu tukwane, na ɗauki kujera na zauna a bakin ƙofa.

Wajen la'asar Jauro Hammadu ya ɓullo ta lungu yana dogara sanda. Muka gaisa, na tambayi shanu, na tambayi iyali. Na sa aka shimfiɗa masa shi kaɗai a can ƙurya. Ya zauna ya ba ƙofa baya. Larai ta kai masa malmala biyu da kuɓewa, man shanu na yawo a kai.

Bayan ya tafi sai ta zo da kwanonsa tana nuna mini da ido. Shekara da shekaru Jauro na ci a wurinmu, bai taɓa cinyewa ba. Komai yunwarsa sai ya rage wani abu a gefen kwano, haka tarbiyyarsu take, kada a ce ciki ya fi ƙarfinsa. Ran nan kwanon a sharce yake, har miyar da ke gefe ya suɗe.

Larai ta buɗe baki za ta yi magana. Na karɓe kwanon daga hannunta, na tsoma shi a ruwan wanke-wanke tun kafin wani ya gani.